Rariyar Hawa na Tara

Ƙarfe ɗaya ta gota a Marina.
Janareta na gurnani a gindin bene,
ruwa ya ɗauke, kwata ba ta samu labari ba.
Ni kaɗai ne a hawa na tara,
ni da shayin da ya huce tun sha ɗaya.

Aikina tata ne.
Inna na tace gasara a Agege da farin ƙyalle,
ni ina tace wasiƙun ma'aikata da lissafi.
Ni na koya wa na'ura ƙirga:
lamba goma a jere, tsaya, asusun wani ne;
sha shida, katin cirar kuɗi ne, kada ya ƙetare ƙofa;
sha ɗaya kuwa, ko shaidar mutum ko lambar waya,
a nan take ɗan daburcewa, sai ta kira ni.
Ta haddace. Ba ta gyangyaɗi, ba ta da suruki,
ba ta san kowa ba.

Ran Talata ta cafke Akinlabi na sashen lamuni,
sunaye dubu uku da ɗari biyu,
kowanne da adireshi da abin da ya rage masa,
ya ɗaure su cikin takarda mai suna "hotunan biki"
zai aika wa kansa.
Allo ya yi ja. Na ji daɗi, ban ɓoye ba.

Ran Laraba ta cafke Ifeoma sakatariya.
Hoton katinta ne, gaba da baya,
za ta tura wa ɗanta a makaranta:
"ka ci abinci, kada ka cire duka."
Allo ya yi ja.
Jan nan dai, bai ƙaru ba, bai ragu ba.
Rariya ba ta tambayar tsakuwa daga wace gona take.

Yau kuma, layi na huɗu daga sama,
sunana.
Shekarau Tanimu, ƙarfe biyar da kwata na yamma.
Na manta ma na rubuta.
Wasiƙa ce zuwa ga Hamisu a Funtuwa:
lambar asusun Baba,
takardar gwajin ƙoda,
da abin da asibiti ke bin mu, har da kwabo,
sai layi ɗaya a ƙasa:
"albashi ya ƙare tun sha biyu ga wata, ka nemi Gambo."

Maɓallin sakinta na ƙarƙashin yatsana.
Amma ni na rubuta dokar da hannuna:
ba mai sakin tasa.
Wanzami, ga jarfa.

Kehinde za ta shigo da bakwai,
ta ajiye jaka, ta cire takalmi ƙarƙashin tebur,
ta buɗe, ta karanta, don aikinta ne.
Za ta san ƙodar mahaifina
kafin ta gama burodinta.
Ba za ta ce komai ba, na san ta.
Shirun ne ban san inda zan ajiye shi ba.
Wasiƙu nawa na karanta haka,
na haɗu da masu su a lif, na ce ina kwana?

Na bar ta ja.

An kira assalatu daga wajen Idumota.
Na sauko, na shiga danfo mai zuwa Oshodi,
gwiwata a bayan wata mai kwandon kifi.
Kan gadar Eko Hamisu ya kira:
bai ga saƙo ba, likita na jira.
Kwandasta na ihu, injin na tari,
na toshe kunne ɗaya da yatsa
na karanto masa lambobin, goma cif,
da ƙarfi, sau biyu,
mutum sha huɗu na saurare.

Mai kifi ta juyo ta ce,
na ƙarshen bakwai ka ce ko tara?